Yadda Ake Gano Ciwon Buwat Otomatik a Tsohuwar Kat-kat Kafin a Sauke Ta

Manyan motocin da muke kira kat-kat a Maraɗi, irin su Prado da RAV4 da Highlander da Pathfinder da Pajero da CR-V, akasarinsu sun sha tafiya a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, kuma da yawa daga cikinsu akwatin giyarsu mai canja kansa ne, wanda a garaji muke ce wa buwat otomatik. Ranar da irin wannan mota ta fara gardama, maganar farko da mai ita yake ji ita ce buwat ta mutu, a nemo wata. Na daɗe ina buɗe waɗannan akwatuna, kuma na sha ganin an sauke lafiyayyar buwat alhali ciwon yana wajenta: mai ya ragu, ko an zuba mata wanda ba nata ba, ko waya ta tsinke, ko lagireto yana zuba mata ruwa. Saboda haka binciken da zan bayyana yana farawa ne daga abin da ba ya cin ko dala, ya gangara zuwa mai tsada, kuma ba a tsallake mataki.

Abin da mai koyo yake bukatar ya sani game da aikinta kaɗan ne. Inji yana juya wani famfo da ke gaban buwat, famfon yana tura mai da ƙarfi, kwamfutar mota kuma tana buɗe ƙananan bawul na lantarki da ake kira solanoyid, sai man ya bi ta nan ya matse faifan kuloci na giyar da ake so. Ciwo ke nan yana iya zama a mai, ko a wuta, ko a ƙarfe, kuma na ƙarfe ne kaɗai yake wajabta saukewa.

Kayan aiki

Ka tanadi farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da farar takarda, da tocila. Ka tanadi sifanoni masu lamba 10 da 12 da 14 da 17, tare da makulli mai kusurwa shida, domin da shi ake kwance notin zubar da mai na wasu motoci. Kana bukatar kwano mai faɗi wanda zai ɗauki lita 6, da galan mai alamar awo, da mazurari mai dogon wuya, da mitar awon wuta, da na'urar karanta kwamfutar mota ta OBD2. Man buwat da matata da gaskit kuwa kada ka saye su tukuna, sai bincike ya kai wurinsu.

Idan babu babbar na'ura, ƙaramar nan ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu tana karanta lambobin kuskure na gama-gari, kodayake ba a kowace mota take nuna zafin man buwat ba. Idan babu rami, a ɗaga mota da jak a ɗora ta a kan ƙarafan tokare, a kuma shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsu, saboda ƙasarmu rairayi ce kuma ƙarfe yana nutsewa. Kada a tokare kat-kat da bulo, domin bulo yana ruguzawa ba tare da gargaɗi ba, kuma waɗannan motoci wasu sun kai tan 2.

1. Ka saurari mai mota, kuma ka hana a ja ta

Ka tambaye shi yaushe abin ya fara, da safe yake yi ko sai mota ta yi zafi, a kowace giya ne ko a guda ɗaya, ya kafe a rairayi kwanan nan, ya ratsa ruwa, wane ne ya taɓa man a ƙarshe kuma wane iri ya zuba. Amsar tambaya ta ƙarshen nan ita kaɗai ta sha warware mini aiki. Idan motar tana nesa, misali ta tsaya a hanyar Tasawa ko ta Ɗan Isa, ka ce a ɗauko ta a bayan babbar mota. Jan ta da igiya inji a kashe yana juya ƙarafan ciki alhali famfo ba ya ba su mai, sai ƙaramin ciwo ya iso garaji ya zama babba. Idan ja ya zama dole, a kwance kardan na gaba da na baya tukuna, wato dogayen sandunan ƙarfen da ke ƙarƙashin mota masu kai juyi zuwa tayoyin gaba da na baya.

2. Ka kawar da abin da ba buwat ba

Kat-kat irin su Prado da Pajero suna da akwati na biyu a bayan buwat, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma a tsofaffinsu akwai ƙaramin sanda kusa da babba mai alamun H da N da L. Idan wannan sanda ya faɗa N, mota ba za ta motsa ba a kowace giya, kuma ko an sa P tana iya gangarawa. Wata rana aka kawo mini wata daga hanyar Dakwaro, mai ita har ya fara cinikin buwat ta waya. Na leƙa ciki sai na ga wani buhu da aka cusa tsakanin kujeru ya ture ƙaramin sandan. Na ce, "Alhaji, a ba ni makulli." Na mayar da sandan H, na sa D, mota ta tashi lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe kuɗin ɗauko ta kawai na zubar?" Na ce, "Alhaji, a gode wa Allah da abin ya tsaya nan."

Bayan wannan ka duba kardan da sandunan da ke juya tayoyi, domin idan ɗaya ya karye mota takan yi ta ƙara ba ta tafiya, kamar dai buwat ce ta sake. Ka duba igiyar da ta haɗa sandan giya da buwat, ka tabbata idan an sa R a ciki, R ɗin ce ta shiga a ƙasa. Ka auna batir: a kashe ya ba da wajen bolt 12.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5, saboda raunin wuta yana rikita kwamfuta. Injin da ke tari ko ya rasa ƙarfi shi ma yakan sa canjin giya ya lalace, don haka idan inji ba shi da lafiya, shi ake fara gyarawa.

3. Ka auna mai yadda ya kamata

A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, domin suna auna shi kamar man inji. A motocin Toyota da Nissan da Mitsubishi masu sandar awo, ana tuka mota kamar minti 15 har man ya kai digiri 70 zuwa 80, a tsaya a wuri mai daidaito, a ja birkin hannu, a taka birki a ratsa da sandan giya ta kowane matsayi ana dakatawa daƙiƙa biyu ko uku a kowanne, sannan a mayar da shi P, ko N a wasu motocin Mitsubishi, a bar inji yana aiki. Sai a zaro sandar a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa, man ya tsaya a cikin alamar HOT. Honda ta bambanta: ita ana kashe inji ne, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90.

Idan ya ragu, to ya bi ta wani wuri ne, domin buwat ba ta shan mai. Ka haska gefen kasko, wato murfin ƙasan buwat inda mai yake taruwa, da tiyo biyu da suka nufi lagireto, da wurin da sandunan taya suka shiga, da mahaɗar inji da buwat. Yawan mai shi ma ciwo ne, saboda ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ya matse kuloci.

Motoci da yawa na bayan 2004 ba su da sandar awo. A ƙasan kaskonsu akwai wani noti na musamman wanda ake kwancewa inji na aiki, mota a daidaice, man kuma yana da ɗumi a ma'aunin da littafin motar ya faɗa, wanda a da yawansu bai yi nisa da digiri 40 ba. Idan mai ya ɗiɗɗigo siriri, ya cika. Idan babu abin da ya fito, sai a ƙara ta notin gefe da famfon hannu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi yake wuce digiri 40, man yana zarce wannan ma'auni tun kafin ka gama shiri, don haka ni da sassafe nake yin wannan awo. Kuma ka fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi buɗuwa.

4. Ka karanta launi da wari

Ka ɗiga man a farar takarda ka fita da ita haske. Lafiyayyen mai ja ne garau kamar zoɓo, ana gani ta cikinsa. Wanda ya koma ruwan shayi amma ba ya ƙauri ya tsufa ne kawai, sauyi yake so. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙanzon da ya ƙone a gindin tukunya yana gaya maka faifan kuloci sun ƙone, musamman idan ka murza shi a yatsa ka ji tsaki-tsaki. Man buwat ɗin CVT ta Nissan, wato buwat mai aiki da bel maimakon giya hawa-hawa, irin ta Murano, shi kore-kore ne tun asali, kada launinsa ya ruɗe ka.

Mafi muni shi ne ka ga man ya yi kauri, launinsa kamar nonon da aka ɗiga wa zoɓo. Wannan ruwa ne ya shiga. Man buwat yana ratsa wani ƙaramin bututu a cikin lagireto don ya huce, kuma idan bututun ya tsage sai ruwan inji da mai su gauraya. Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da wannan ciwo. Ka bari inji ya huce sarai, ka buɗe murfin lagireto, idan ka ga mai yana yawo a kan ruwa, magana ta tabbata. Da damina kuma ruwa yakan shiga ta ƙaramar kafar shan iska da ke saman buwat idan an ratsa gulbi ko kwazazzabo. Ko ta ina ya shiga, kada a sake tayar da motar, domin ruwa yana ɓamɓare fatar da ke manne a faifan kuloci, kuma kowace kilomita tana ƙara ɓarna.

5. Ka tambayi kwamfuta

Duk sabuwar motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Ka rubuta lambobin a takarda kafin ka goge su. P0700 tana cewa ne kawai akwai ƙorafi a sashen buwat, sai ka nemi wadda ke bayanta. P0715 da P0720 na sansar gudu ne, ta shiga da ta fita. P0750 da P0755 na solanoyid ne. P0741 ta shafi kulocin da ke cikin kwanbata, wato ƙaton tulun ƙarfen nan da ke tsakanin inji da buwat. P0730 kuwa tana nufin giya tana sulɓewa, kuma ita ce ba na son gani.

Lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Kafin ka sayi sansa ko solanoyid, ka cire soket ɗinsu ka duba tsatsa da mai da wayar da ɓera ya ci ko salansa ta narkar. Idan mota ta maƙale a giya ta uku, tana tashi da nauyi kamar ana riƙe ta, fitilar O/D OFF ko ta D tana ƙiftawa, yawanci kwamfuta ce ta kulle ta da gangan don kare ta, kuma wannan ya fi kama da ciwon wuta. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 tana da wani sanannen hali: kwamfutar inji ce takan lalace ta sa giya tana shiga da duka, har kamfanin ya tsawaita garantinta a Amurka. Wanda ya sa wa irin wannan mota wata buwat bai gyara kwamfutar ba, ita ma sabuwar haka za ta bi sawun ta farko.

6. Gwajin tsaye da na hanya

Idan mai ya cika kuma babu ruwa a cikinsa, ka tare tayoyi, ka taka birki, ka matsa daga N zuwa D kana ƙirga. A ma'aunin Toyota, D ta kama cikin daƙiƙa 1.2, R kuma cikin 1.5. Jinkirin daƙiƙa uku ko huɗu alama ce ta raunin matsin mai ko cinyewar kuloci. Akwai kuma gwajin da ake danne birki da ƙafar hagu a taka totur har ƙasa a D, a duba inda allurar inji ta tsaya, wanda a yawancin motocin fetur yake tsakanin 2000 da 2600. Idan ta haura abin da littafin motar ya faɗa, buwat tana sulɓewa. Idan ta gaza sosai, a tuhumi inji ko kwanbata. Wannan gwaji kada ya wuce daƙiƙa 5, a huta a N minti biyu kafin a maimaita, kada a yi shi a CVT ko a kan ƙonannen mai, kuma kada yaro ya tsaya a gaban mota ko bayanta.

A hanya, ka nemi kwalta mara cunkoso, ka tashi a hankali kana ƙirga canji. Ka lura da inda inji yake ihu mota ba ta ƙara gudu, da ko ciwon yana zuwa ne bayan ta yi zafi. Motar da ke tafiya minti biyar ta tsaya, a kashe ta a sake tayarwa ta ƙara ƴar tafiya, sau da yawa matatarta ce ta toshe.

7. Ka buɗe kasko

Ka zaɓi lokacin da iska ta kwanta, domin ƙurar hunturu abokiyar gabar buwat ce. Ka wanke gefen kasko, ka zubar da mai a kwano, ka juye shi a galan ka rubuta adadinsa. Yawanci lita 3 zuwa 4 ne suke fita, sauran yana cikin kwanbata. Ka kwance notocin kasko ka bar biyu a gefe guda don ya karkata a hankali. CR-V ta Honda ba ta da irin wannan kasko, sai dai ka duba maganaɗisun da ke jikin notin zubarwa.

A gindin kasko akwai maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi kamar kwalli a jikinsa ba abin damuwa ba ne. Tsinke-tsinken ƙarfe da ke sokin yatsa, ko ƙyalƙyali mai ruwan tagulla, ko baƙaƙen ɓawo kamar dusa, su ne shaidar cewa ciwon na ƙarfe ne. Ka kira mai mota ya gani da idonsa kafin ka wanke, domin hakan yana kashe gardama daga baya.

8. Idan kasko ya fita da tsabta

Ka sa sabuwar matata da gaskit, ka ɗaure notoci a giciye da ɗan ƙarfi kaɗan, wanda bai kai Nm 10 ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri, saboda ɗaurin wuce kima yana lanƙwasa bakin kasko ya yi yoyo. Kada ka lafta silikon, domin abin da ya matso ciki yakan gutsure ya toshe bawul. Sannan ka zuba daidai adadin da ya fita, ka sake awo kamar a mataki na uku.

Irin man yana rubuce a kan sandar awo ko a littafin mota. Tsofaffin Toyota suna shan Dexron ko T-IV, na baya kuma WS, Honda tana son Z1 ko DW-1, Mitsubishi SP-III, Nissan Matic J ko Matic S, CVT ɗinta kuma NS-2 ko NS-3. Kasancewar mai ja ba ya nufin ya dace. Ka sayi galan mai hatimi, ka guji wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya, kuma man giya mai kauri na 80W-90 na gada ne, wato akwatin giyar da ke tsakanin tayoyi, da akwatin baya, bai da wuri a nan. Idan ba a samu irin da ake bukata a gari ba, gara a jira a aiko daga Katsina ko Kano ko Yamai da a gauraya. Idan tsohon man ya yi duhu, ka maimaita zubarwa da cikawa sau biyu ko uku, da ƴan kwanaki na tuƙi a tsakani. Wannan ya fi mini wanke buwat da na'ura mai matsi. Amma idan buwat ta riga ta fara sulɓewa, ka gaya wa mai ita tun farko cewa sabon mai ba ya mayar da fatar da ta ƙone, wani lokaci ma sulɓin ƙaruwa yake yi.

9. Idan saukewa ta wajaba

Hanya biyu ce: a gyara da sababbin faifai da robobi, ko a sa wata ta hannu. Gyara ya fi idan akwai gwanin da ya san irin buwat ɗin, kuma ƙarafan ciki ba su farfashe ba. Idan ta hannu za a saya, lambarta ta zama ɗaya da wadda ke kan farantin mota a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. U140F ta RAV4 mai jan taya huɗu ba ta zama a madadin U241E ta mai jan biyu, haka A343F da A750F na Prado ba ɗaya ba ne. Ka ƙirga ramukan soket, ka nemi a buɗe maka kaskonta a gaban mai sayarwa, ka kuma yi sharaɗin kwanakin gwaji a gaban shaida.

Kafin ɗorawa, ka wanke tiyo biyu da bututun lagireto har sai abin da ke fita ya yi tsabta, in ba haka ba garin ƙarfen tsohuwar zai shiga sabuwar. Idan ruwa ne ya kashe ta, lagireto sabo ake sawa. Kwanbata kuma a jikin buwat ake fara zaunar da ita, a zuba mata ɗan mai, a riƙa juyawa ana turawa har ta faɗa ciki mataki biyu ko uku. Idan buwat ta ƙi haɗuwa da inji da hannu, kada ka jawo ta da noti, domin haka ake fasa famfo tun ba a tayar da mota ba.

Ga motar da ke shiga rairayin Dakwaro ko ƙauyukan Madarunfa, ina ba da shawarar a ƙara mata ƙaramin lagireton mai a gaban babban. Ka kuma nuna wa direba ya shiga rairayi da ƙaramin sanda a L, ya rage iskar taya, ya daina jefa mota tsakanin D da R da totur a ƙasa idan ta kafe, kuma idan fitilar A/T OIL TEMP ta kama ya tsaya ya sa P ya bar inji yana aiki har fitilar ta mutu. Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya. Bayan an gama aiki ka tuka ta kilomita 15 zuwa 20, ka sake auna mai da zafinsa, ka haska ƙasa ko akwai ɗigo, ka sake karanta kwamfuta, sannan ka ce ya dawo da ita bayan mako guda a sake duba launin man a farar takarda.